Harshe da Mulki a Rubutun Dutsen Bisitun na Sarki Dariyus

1.0 Gabatarwa

Tun da aka ƙago rubutu sarakuna suka gane cewa dutse ya fi maroƙi tsawon rai. Maroƙi yakan tsufa ya mutu, gidan da ya gaji kirarin sarki yakan ƙare, amma abin da aka sassaƙa a jikin dutse yana nan daram sai fa in an sa guduma an farfasa shi. Hammurabi na Babila ya sa an rubuta dokokinsa a jikin wani dogon baƙin dutse wajen shekara ta 1750 kafin Miladiyya (K.M.). Ashoka ya warwatsa gargaɗinsa a kan duwatsu da ginshiƙai a faɗin ƙasar Indiya cikin ƙarni na uku K.M. A Afirka kuwa, Ezana sarkin Aksum ya bar labarin yaƙe-yaƙensa cikin harshen Gi'iz da Girkanci a ƙarni na huɗu na Miladiyya.

Masanin tarihi yakan karanta irin waɗannan duwatsu domin ya san wa ya ci wa da yaƙi. Manazarcin harshe kuwa tambayarsa daban ce: da wane harshe sarkin ya yi magana, me ya sa ya zaɓe shi, kuma wa yake so ya ji? Wannan maƙala ta ɗauki dutse guda ɗaya, wato na Bisitun da ke ƙasar Iran, domin a nuna cewa harsunan da sarki ya ɗora a kan dutse ba lalle ne su zama waɗanda talakawansa suke ji ba, kuma yadda aka jera su yana bayyana matsayin kowane harshe a cikin daula.

2.0 Wurin da Dutsen yake da Siffarsa

Bisitun wani dogon tsauni ne a yammacin Iran, kimanin kilomita 30 daga birnin Karmanshah. Sunan ya samo asali daga kalmar Tsohon Farisanci Bagastana, wato mazaunin ubangiji. A gindinsa akwai idon ruwa, kuma ta nan ne tsohuwar hanyar da ta haɗa Babila da Ekbatana (Hamadan ta yau) ta bi. Ashe ke nan zango ne na fatake da rundunoni.

A jikin wannan tsauni, fiye da mita 60 sama da hanya, Sarki Dariyus na Ɗaya (522–486 K.M.) ya sa aka feƙe wani fili mai faɗin kusan mita 25 da tsayin mita 15. A tsakiya an sassaƙa surarsa da tsayin cikakken mutum, yana riƙe da baka, ƙafarsa ta hagu a kan ƙirjin wani mutum da ke kwance rigingine. Bayansa akwai dogarai biyu. Gabansa kuwa mutum tara ne a jere, hannuwansu a ɗaure ta baya, igiya ɗaya ta zarge wuyansu, kuma da gangan aka gajarta su ƙwarai idan aka kwatanta da sarki. Bisa kawunansu akwai wata sura mai fukafukai wadda galibin masana suke ɗauka alamar Ahuramazda ce, ubangijin da Dariyus yake bauta wa. Wannan tsari ba Dariyus ya ƙago shi ba. A kan wannan hanya, a Sar-i Pul-i Zuhab, akwai sassaƙen wani sarki mai suna Anubanini wanda ya girmi na Bisitun da shekaru kusan dubu ɗaya da ɗari biyar, shi ma ya taka abokin gaba, ga kuma fursunoni a igiya.

Kewaye da surorin ne rubutu yake, cikin harsuna uku, dukansu da nau'in rubutun da ake kira rubutun ƙusa, saboda kowane harafi an gina shi da layuka masu kama da ƙusoshi. Mutumin da ya tsaya a kan hanya yana iya hangen surorin, amma ba ya iya karanta ko harafi ɗaya.

3.0 Abin da Rubutun ya Ƙunsa

Dariyus ba ɗan sarkin da ya gabace shi ba ne, kuma dukan rubutun kariya ce ga wannan rauni. Ya fara da jero kakanninsa har zuwa Hakhamanish, ya ce mutum takwas na gidansu sun yi sarauta kafin shi, shi ne na tara. Ya lissafta ƙasashe 23 da ke ƙarƙashinsa. Sannan ya shiga labarin da ya dame shi: wai Kambujiya ɗan Kurush (wanda aka fi sani da Sairus) ya kashe ƙanensa Bardiya a ɓoye kafin ya tafi yaƙin Masar, sai wani malamin Majusawa mai suna Gaumata ya fito ya ce shi ne Bardiya, jama'a suka bi shi. Kambujiya ya mutu a shekara ta 522 K.M., kowa ya yi shiru don tsoro, har Dariyus da wasu manyan Farisa shida suka kashe Gaumata a wani sansani a ƙasar Midiya, a ranar da ta yi daidai da 29 ga Satumba na wannan shekara. Gaumata shi ne na kwance a ƙarƙashin ƙafar sarki.

Daga nan tawaye ya ɓarke ta ko'ina. Dariyus ya ce cikin shekara guda ya yi yaƙi 19 ya kama sarakuna tara. Biyu daga cikinsu, Nidintu-Bel da Arakha, kowannensu ya tashi a Babila yana cewa shi ne Nebukadnazar ɗan Nabonidus. Wani mai suna Wahyazdata shi ma ya ce shi ne Bardiya. Frawartish na Midiya kuwa an yanke masa hanci da kunnuwa da harshe, aka ƙwaƙule masa ido ɗaya, aka ɗaure shi a ƙofar fada jama'a suka gan shi, sannan aka tsire shi a Ekbatana.

Kalmar da ta riƙe rubutun daga farko har ƙarshe ita ce drauga, wato ƙarya (a Farisancin yau durugh). Kowane ɗan tawaye an rubuta sunansa kusa da surarsa tare da bayanin cewa ya yi ƙarya. Sarki ya yi ta rantsuwa cewa gaskiya yake faɗi, har ya ce akwai ayyukansa da dama da bai sa an rubuta ba don kada mai karatu na gaba ya ga sun yi yawa ya ƙaryata shi. Mutumin da ya yawaita rantsuwa haka yakan jawo wa kansa zargi, kuma masana tarihi da yawa na wannan zamani suna ganin cewa Bardiya na ainihi Dariyus ya kashe, labarin Gaumata kuwa ƙirƙira ce. Ko ma yaya ne, labarin sarki ne ya bazu, domin Hirodotus na Girka ya kawo shi kusan yadda yake a dutsen.

4.0 Harsunan Dutsen

4.1 Harsuna Uku, Dangi Uku

Harsunan su ne Ilamanci, da Babilanci, da Tsohon Farisanci, kuma babu biyu daga cikinsu da suke dangi ɗaya. Tsohon Farisanci ɗan gidan Indo-Turai ne, ɗan'uwan Sanskirit. Babilanci karin harshen Akadiyanci ne, daga reshen da Larabci da Ibrananci suke ciki. Ilamanci kuwa har yau ba a tabbatar masa da dangi ba.

Mai tunani da ƙa'idar yau zai zaci harshen sarki ne aka fara rubutawa. Ba haka ba ne. Nazarin yadda aka raba filin dutsen ya nuna cewa Ilamanci aka fara sassaƙawa, sai Babilanci mai layi 112 wanda aka cusa a wani gefe mai wuyar kaiwa, sannan daga baya aka kawo Farisanci mai layi 414 a shafi biyar, a ƙarƙashin surorin. Dalili kuwa shi ne, lokacin da Farisawa suka karɓi mulki ba su da al'adar rubutu, magatakardansu mutanen Ilam ne. Shaidar wannan ita ce dubban allunan yumɓu da aka haƙo a Fasifolis a shekara ta 1933, na tsakanin 509 da 493 K.M., masu ɗauke da lissafin hatsi da giya da tumaki da ake raba wa ma'aikata da matafiya. Mafi yawansu da Ilamanci aka rubuta, wasu ɗaruruwa da Aramiyanci, na Farisanci kuwa guda ɗaya tak aka gano. Wato Ilamanci shi ne harshen ofis. Babilanci kuma shi ne harshen tsohon ilmi da tsohuwar sarauta, wanda sarakunan yankin suka yi fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar suna rubuta kirarinsu da shi. Duk mai son a ɗauke shi magajin waɗancan sarakuna ba ya iya tsallake shi.

Shi kuwa Farisanci sai da aka ƙera masa haruffa. A wani sashe na ƙarshen shafi na huɗu, wanda manazarta suke kira sashe na 70, Dariyus ya ambaci wani irin rubutu da ya yi da harshen Ariya, aka sa shi a kan yumɓu da fata, aka karanta masa, sannan aka aika da shi larduna. An yi jayayya mai tsawo a kan ma'anar wannan sashe, amma ra'ayin da ya rinjaya shi ne a zamanin Dariyus aka ƙirƙiro rubutun. Siffarsa ma ta goyi bayan haka. Da ido yana kama da na Babila, amma tsarinsa daban ne: alamomin sauti 36 ne kawai, uku na wasulan a, i, u, sauran 33 kowanne baƙi ne haɗe da wasali, ga 'yan alamomi da ke wakiltar cikakkiyar kalma kamar sarki da ƙasa, ga kuma wata karkatacciyar ƙusa mai raba kalma da kalma. Rubutu ne na ado da alfahari, kusan ba a gan shi ba sai a duwatsu da gine-ginen fada da kayan sarki, kuma ya mutu tare da daular.

Akwai wani abin da ya ƙara nuna ɗaukakar Farisanci a idon sarki. Bayan an gama aiki, Dariyus ya ci mutanen Saka da yaƙi ya kama shugabansu Skunkha. Da aka zo ƙara surarsa mai doguwar hula a ƙarshen layi, sai aka tarar babu wuri, aka ci cikin rubutun Ilamanci, dole aka sake sassaƙa shi gaba ɗaya a wani gefe. Amma labarin wannan sabon yaƙi, wanda shi ne shafi na biyar, da Farisanci kaɗai aka rubuta shi.

4.2 Harshen da Ba a Sa a Dutse ba

Idan babu mai iya karanta dutsen daga ƙasa, ta ina saƙon ya kai ga jama'a? Amsa tana cikin harshe na huɗu, wato Aramiyanci. Shi ne harshen da wasiƙun daula suke yawo da shi daga Masar har kan iyakar Indiya, domin haruffansa 22 ne, ana rubuta shi da tawada a kan fata ko takarda, kowane magatakarda yana iya koyonsa. A tsibirin Elifantin da ke cikin Kogin Nilu kusa da Aswan, inda wasu sojojin Yahudawa suke yi wa Farisa gadi, an tono kwafin wannan labari na Bisitun da Aramiyanci, wanda aka rubuta kusan shekara ɗari bayan aukuwar abin. A birnin Babila ma an sami gutsattsarin kwafinsa na dutse. Ashe harshen da ya fi kowanne aiki shi ne bai sami gurbi a kan tsauni ba. Wannan darasi ne ga duk mai son ya auna ƙarfin harshe da abin da ya gani a allunan hukuma.

4.3 Fassara ko Sake Tsari

Nassoshin ba kwafin juna ba ne kalma da kalma, kuma a nan ne mai nazarin fassara zai fi samun abin dubawa. Na Babilanci da na Aramiyanci sun kawo adadin waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama a fagen fama, na Farisanci da na Ilamanci ba su kawo ba. Na Babilanci ya yi amfani da sunayen watannin Babila maimakon na Farisa. Inda Farisanci ya ce Saka, Babilanci cewa ya yi Gimirri, sunan da mutanen Babila suka saba kiran makiyayan arewa da shi. Bardiya ya zama Barziya, wanda lafazin mutanen Midiya ne. Magatakardan Ilamanci kuwa da ya zo kan sunan Ahuramazda sai ya ƙara bayani cewa shi ne ubangijin Ariyawa, alamar cewa masu karatunsa suna bukatar a gabatar musu da shi. Sashe na 70, mai maganar sabon rubutu, babu shi sam a Babilanci. Kowane nassi an gyara shi ne daidai da kunnen da aka nufa.

5.0 Yadda aka Warware Rubutun

Dariyus ya sa albarka ga wanda ya kiyaye rubutunsa, ya kuma la'anci wanda ya ɓata shi da cewa zuriyarsa ta yanke. Rubutun ya tsira, ma'anarsa ce ta ɓace, kuma da wuri. Wajen shekara ta 400 K.M. Kitisiyas, likitan Girka da ya zauna a fadar Farisa, ya danganta aikin ga Sarauniya Samiramis. A farkon ƙarni na 19 matafiyin Ingila Ker Porter ya zaci fursunonin ƙabilun Bani Isra'ila ne a gaban sarkin Assuriya.

Mabuɗin farko ba daga Bisitun ya fito ba. A shekara ta 1765 Carsten Niebuhr ya kwafo gajerun rubuce-rubuce daga Fasifolis, ya kuma lura cewa iri uku ne. A 1802 wani malamin makaranta a Jamus, Georg Grotefend, ya ɗauki biyu daga cikin mafi sauƙin irin. Ya san cewa sarakunan Farisa na baya sukan fara da sunansu, sai babban sarki, sarkin sarakuna, ɗan wane. Ya ga wata kalma tana maimaituwa, ya ce ita ce sarki. Sai ya lura da sunaye uku, na ɗa da uba da kaka, inda ɗa da uba suke da laƙabin sarki amma kaka ba shi da shi. A tarihin da Girkawa suka bari wannan ya dace da Zarksis ɗan Dariyus ɗan Histasfis, domin Histasfis bai yi sarauta ba. Da waɗannan sunaye ya fitar da sautin haruffa da dama. A 1826 Rasmus Rask ya gane ɗafa-ƙeyar mallakar jam'i -anam, wadda ke cikin khshayathiya khshayathiyanam, sarkin sarakuna, asalin shahanshah na Farisancin baya. Burnouf da Lassen suka ƙara nasu a 1836.

Abin da ya rage shi ne dogon nassi, kuma shi Henry Rawlinson ya samo. Hafsan soja ne na Ingila da aka tura horar da rundunar Shah a Karmanshah. Daga 1835 ya riƙa hawa tsaunin yana kwafe, wani lokaci a tsaye bisa matakin ƙarshe na tsani, littafi a hannun hagu, alƙalami a dama. Ya koma a 1844 da 1847. Ɓangaren Babilanci ya gagare shi, sai wani yaro Bakurde ya rarrafa ta tsagar dutse, ya kafa turaku ya rataya igiya, ya manna jiƙaƙƙiyar takarda a kan rubutun ta ɗauko siffarsa. Ba a adana sunan yaron ba. Rawlinson ya buga nassin Farisanci da fassararsa a 1846 zuwa 1847.

Amfanin Bisitun shi ne yawan sunayen mutane da garuruwa, domin suna ba ya canzawa sosai daga harshe zuwa harshe. Darayawaush na Farisanci shi ne Dariyamush na Babilanci, wanda ya nuna cewa Babilanci yana rubuta sautin w da alamar m. Taimakon kuma ta fuska biyu ne: rubutun Farisanci ba ya nuna ɗan hanci kafin baƙi, don haka Kambujiya a rubuce kamar Kabujiya yake, sai nassin Babilanci da na Girkawa suka maido da m ɗin.

Babilanci ya ba da wuya ƙwarai. Alamominsa ɗaruruwa ne, alama ɗaya tana iya zama gaɓa, ko cikakkiyar kalma, ko manuni da ba a furtawa, kuma tana iya ɗaukar sauti fiye da ɗaya. Sunan Nebukadnazar kansa, in aka karanta alamominsa da sautinsu na yau da kullum, abin da zai fito bai yi kama da sunan ba ko kaɗan. An saba ba Rawlinson dukan yabo, amma adalci shi ne a ce Edward Hincks, wani limamin coci a ƙasar Ayilan, shi ne ya fi kowa gane cewa rubutun na gaɓoɓi ne ba na baƙaƙe zalla ba. Da masu shakka suka yi yawa, a 1857 aka ba mutum huɗu, Rawlinson da Hincks da Fox Talbot da Jules Oppert, wani sabon nassi na sarkin Assuriya Tiglat-Pilesar na Ɗaya, kowa ya fassara shi kaɗai ya aiko a rufe. Da aka buɗe sai aka ga sun dace a muhimman wurare.

Nassin Ilamanci kuwa Edwin Norris aka danƙa wa. Wannan suna ba baƙo ba ne ga manazartan harsunan Nijeriya, domin shi ne ya tsara bayanan Hausa da Barbarci da James Richardson ya tattara, aka buga su a Landan a 1853, har da nahawun Barbarci.

6.0 Abin da ya Shafi Hausa

Buɗewar Akadiyanci ta ba masu kwatanta harsuna tsohuwar shaida ta dangin Afro-Asiya, wanda Greenberg ya tabbatar da Hausa da sauran harsunan Cadi a cikinsa. Ga kaɗan daga misalan da aka saba kawowa:

shumu : suna
lishanu : harshe (halshe)
imut : ya mutu
bitka, bitki : gidanka, gidanki

Haka kuma ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri: daga shakanu (ajiye) aka sami mashkanu, wurin da ake zube amfanin gona a sussuka, daidai da yadda Hausa ta gina masussuka. Ya kamata a yi hattara a nan. Wannan kamanci gado ne daga kaka ɗaya mai nisan dubban shekaru kafin a gina Babila, ba hujja ba ce cewa Hausawa daga Iraƙi suka taso, kuma bai da alaƙa da labarin Bayajida da Bagadaza.

Aro kuwa hanyarsa daban ce, kuma dutsen Bisitun yana da misalinsa. Kalmar da Dariyus ya kira rubutunsa da ita ita ce dipi. Farisawa sun aro ta daga Ilamanci tippi, wadda ke komawa ga Akadiyanci tuppu, ita kuma daga Sumeriyanci dub, allon yumɓu. Ta gabas kalmar ta shiga Indiya, inda Ashoka ya kira rubuce-rubucensa dipi a arewa maso yamma, lipi a sauran wurare. A cikin Farisa kanta ta haifi dibir, magatakarda, kuma masana da dama suna mayar da diwan, wato rajista ko ma'ajin takardu, ga wannan saiwa. Larabawa suka karɓi diwan tun zamanin Halifa Umar don rajistar sojoji, daga baya ta ɗauki ma'anar kundin waƙoƙin mawaƙi guda, kuma da wannan ma'ana ce malaman ƙasar Hausa suka aro ta suka ce diwani.